Yaron da Ya Buɗe Ƙofofi da Safe

Karatunmu na yau yana cikin 1 Sama'ila sura 2 da 3.

A watan Satumba, idan an koma makaranta, duk wanda ya bi ta Bosso ko Tunga ko Kpakungu da safe zai ji kuka a bakin makarantun nazare. Yaro ɗan shekara 3 ya riƙe zanen uwarsa, malama tana ja. Mukan ce taurin kai ne. 'Yan'uwa, tsoro ne. Yaron nan bai san agogo ba. In an ce masa "ƙarfe 12 zan zo", ba a faɗa masa kome ba. Abin da yake iya riƙewa shi ne abin da ke bin wani: addu'a, sai waƙa, sai wanke hannu, sai abinci, sai Mama.

Sama'ila ma da yaye shi ke nan Hannatu ta kai shi Shilo wurin Eli. Amma ku dubi 2:19. Kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga, ta kawo masa lokacin hadaya. Zuwanta yana da lokaci, ba ta kuwa saɓa ba. Sa'an nan a daren da Ubangiji ya kira shi, ya ba shi magana mai nauyi a kan gidan Eli, me yaron ya yi da gari ya waye? A 3:15 mun ga ya tashi ya buɗe ƙofofin gidan Ubangiji, ko da yake yana jin tsoron faɗa wa Eli. Muna ganin aikinsa ne na kullum, kuma shi ya ba ƙafafunsa wurin zuwa a safiyar nan.

Nan ne mu iyaye muke faɗuwa. Uwa takan ce "bari in sayo maka biskit", ta sulale. Mu ma mun yi haka a ƙofar Makarantar Lahadi, Allah ya gafarta mana. Kukan yau ya ragu, amma gobe yaron zai ƙara riƙe zane, gama ya gane maganar babba ba abin dogara ba ce. Yaya za mu koya masa cewa Allah mai cika alkawari ne? Mama, ki yi masa sallama ido da ido. Ki ce, "Bayan kun ci abinci zan zo." Sa'an nan ki zo.

Malamai kuma, ku zana ranar a jikin kwali: hannu cikin ruwa, kwano, tabarma, ƙofa. Waƙa guda ta kwashe kaya, kada ku canja ta. Ku sanar kafin wasa ya ƙare. Ku ba mai kukan nan aikinsa, ko rarraba alli ne. Zai ɗauki makonni, bulala kuwa ba ta rage ko kwana ɗaya.

Mako mai zuwa, idan Ubangiji ya yarda, za mu dubi Eli da 'ya'yansa. Ku karanta 2:12 zuwa 17 kafin lokacin.