Jawabi A Kan Allurar Ƙarin Ruwa: Ƙarfe Ba Ya Kwana A Jijiya



Jawabin wannan wata a kan allurar ƙarin ruwa ne. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibiti ya gan ta. Wata 'yar aba ce mai launi da ake sa wa mara lafiya a bayan hannu, a danne ta da filasta. Ma'aikatan asibiti suna kiran ta kanula. Ta cikinta ake yi wa mutum ƙarin ruwa, da ƙarin jini, da allurar jijiya.

Mutane da yawa suna tsoronta. Sun ɗauka tsinin ƙarfe ne aka bari a cikin jijiya. Sai uwa ta hana ɗanta motsi har gari ya waye, wai kada allura ta karye a jikinsa. Wani tsoho ya faki idon nas ya fizge tasa. Wasu ma ba sa kai mara lafiya asibiti sai ya galabaita. Rashin sani ya fi dare duhu. Gaskiyar magana ita ce, ba ƙarfe ne yake zama a jijiya ba. Siririn bututun roba ne mai taushi.

YADDA AKA ƘERA TA

Kanula abu biyu ne a haɗe, kamar wuƙa da kubenta. Akwai allurar ƙarfe a ciki. Akwai bututun roba da ya rufe ta ta waje. Tsinin allurar ne kaɗai ya ɗan leƙo. Aikin allurar shi ne ta huda fata da jijiya, ta buɗe wa robar hanya. Da zarar robar ta shiga, sai a zare allurar a jefar. Kamar ɗinki ne. Allura tana wucewa, zare ne yake zama a cikin tufa.

A gindin allurar akwai wani ɗan gurbi da ake ganin cikinsa. Idan tsini ya shiga jijiya, sai ɗigon jini ya bayyana a wurin. Wannan ita ce alamar da nas take jira. Ganin jinin nan ba abin tashin hankali ba ne. Shi ne shaidar an dace da jijiya.

A gefe da gefe akwai 'yan fukafukai biyu na roba. Su ake dannewa da filasta don kada kanula ta zame. A wasu kanulolin akwai 'yar ƙofa mai murfi a sama. Ta nan ake zuba magani da sirinji. Saboda haka mutum zai iya samun allura sau da yawa a rana, alhali sau ɗaya aka huda shi.

YADDA AKE SA TA

Da farko nas za ta wanke hannu, ta sa safar hannu. Sai ta ɗaure hannun mara lafiya daga sama don jijiya ta taso. Ta goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta bari ya bushe. Sai ta soka kanula a karkace, tsininta yana fuskantar sama wajen kafaɗa, domin jinin wannan jijiya zuciya yake komawa. Idan jini ya bayyana, sai ta tura robar ciki, ta kwance ɗaurin, ta zare allurar. Daga nan sai filasta.

Wani lokaci ba a dace da jijiya a karo na farko. Jijiyar jariri ƙarama ce ƙwarai. Wanda amai da gudawa suka tsotse shi kuma, jijiyoyinsa sukan kwanta su ɓuya. Wannan dalili ne babba na kai mara lafiya asibiti da wuri, tun jijiya tana ganuwa.

Akwai wata doka da ma'aikata suke kiyayewa. Allurar da aka zare ba a mayar da ita cikin robar. Tsininta yana iya yanke robar, guntun ya bi jini.

MA'ANAR LAUNI

Launin kanula ba ado ba ne. Yana nuna kaurin bututun. Kowane launi da lambarsa. Abin lura shi ne, idan lamba ta ƙaru, bututu sirancewa yake yi.

Mai ruwan ɗorawa, lamba 24, siririya ce ƙwarai. Ita ake yawan sa wa jarirai.
Shuɗiya, lamba 22, ta yara ce da tsofaffi masu ƙananan jijiyoyi.
Mai ruwan hoda, lamba 20, ita aka fi sa wa manya.
Koriya, lamba 18, ana amfani da ita wajen ƙarin jini da aikin tiyata.
Mai ruwan toka, lamba 16, da mai ruwan lemo, lamba 14, su ne masu kauri. Su ake nema idan mutum ya zubar da jini da yawa, kamar wanda ya yi haɗari ko mai haihuwar da jini ya ɓalle mata.

Don haka idan an ga ta wani koriya, ta wani shuɗiya, ba son kai aka yi ba. Kowa da girman jijiyarsa da irin buƙatarsa.

DAGA INA TA SAMO ASALI?

Ba dare ɗaya aka kai ga wannan dabara ba. A shekarar 1832 annobar kwalara ta auka wa ƙasar Sikotilan. Wani likita a garin Leith, mai suna Thomas Latta, ya yarda cewa rashin ruwa da gishiri a jiki ne yake kashe mutane. Sai ya haɗa ruwa da gishiri ya zuba wa marasa lafiya ta jijiya. Wasu sun farfaɗo, wasu sun mutu. A lokacin ba a san ƙwayoyin cuta ba tukuna, kayan aiki kuma ba su da tsabta irin ta yanzu.

A 1929 wani saurayin likita a Jamus, Werner Forssmann, ya yi abin mamaki. Ya zura siririn bututu a jijiyar hannunsa da kansa. Ya yi ta tura shi, fiye da rabin mita, har ya kai zuciya. Sannan aka ɗauki hoton ƙirjinsa don shaida. Ya nuna wa duniya cewa bututu mai taushi zai iya bin jijiya mutum bai mutu ba. A 1956 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da wasu likitoci biyu da suka yi aiki a Amurka.

Duk da haka, an daɗe ana barin allurar ƙarfe a jijiyar masu ƙarin ruwa. Da mutum ya motsa sai tsini ya fasa jijiya, ruwa ya taru a ƙarƙashin fata. Tsoron da mutane suke yi yana da tushe ke nan, amma na zamanin da ne. A 1950 wani likita a asibitin Mayo da ke garin Rochester a Amurka, David Massa, ya sa wa allura rigar roba. A soka su tare, a zare ƙarfe, a bar roba. Daga nan kanular yau ta samo asali.

DABARAR WAYA

Akwai marasa lafiyar da jijiyar hannu ba ta isar su. Misali masu wankin ƙoda, da waɗanda ciwo ya tsananta ƙwarai. Su sai an sa musu dogon bututu a babbar jijiya, a wuya, ko a saman ƙirji, ko a matsematsi. To, yaya babban bututu zai shiga ta ƙaramar huda?

Wani likitan ƙasar Suwidin, Sven-Ivar Seldinger, ya bayyana dabarar a 1953. Ana soka siririyar allura a jijiya. Sai a zura wata waya mai laushi ta cikin allurar. A zare allura, a bar waya. Sai a zura bututu a kan wayar, ya bi ta har cikin jijiya. A ƙarshe a zare wayar, a bar bututu. Wayar 'yar jagora ce kawai. Ta yi kama da ɗan karan da ake zura zariya da shi a wando. Har yau da wannan dabara ake aiki a manyan asibitocin duniya. Yanzu ma akan haɗa da na'urar hoto, likita yana kallon jijiyar yayin da yake sokawa.

KARIYA GA MA'AIKATA

Allurar da aka zare daga jikin mara lafiya tana ɗauke da jininsa. Idan ta soki nas ko mai shara, tana iya sa musu cutar ƙanjamau ko ciwon hanta. Shi ya sa aka ƙera wasu kanuloli masu ɗan ƙarfe da yake rufe tsini da zarar an zare allura. A shekarar 2000 Amurka ta yi doka don a yawaita amfani da irin waɗannan kaya. Inda babu irinsu, ana jefa allurar nan take cikin akwati na musamman. Kada a bari yara su tsinci allura a bola su yi wasa da ita.

AIKIN MAI ZAMAN JINYA

Nas ɗaya tana kula da gadaje da yawa. Mai zaman jinya kuwa gado ɗaya yake tsaro. Ga abin da zai kiyaye:

1. Ya tabbata sabuwar kanula ce, a gabansa aka ɓare ta daga ledarta. Kanula ta mutum ɗaya ce, sau ɗaya. Wanda ya iya karatu ya duba ranar ƙarewar aiki da ke jikin ledar.
2. Kada ya taɓa ɗan makunnin da yake sarrafa gudun ruwa. Wasu sukan buɗe shi don ruwa ya ƙare da wuri. Wannan haɗari ne. Ruwa mai gudu yana iya yi wa zuciya da huhu yawa, musamman ga yaro ko tsoho.
3. Ledar ruwa ta zauna sama da hannu ko da za a kai mutum bayan gida. Idan ta yi ƙasa, jini zai biyo bututu.
4. Kada filasta ta jiƙe. Kada a shafa mai, ko toka, ko wani magani a wurin.
5. Mara lafiya zai iya motsa hannu a hankali. Amma idan kanula tana kan gaɓa, kada a riƙa lanƙwasawa, don roba tana iya toshewa.
6. Ya kira nas nan da nan idan wurin ya kumbura, ko ya yi ja, ko ya yi zafi, ko ruwa yana yoyo, ko ya daina ɗiga, ko zazzaɓi ya taso.
7. Kanula ta kwanaki kaɗan ce. Idan aikinta ya ƙare, a tuna wa nas ta cire ta. Bayan an cire, a danne wurin da auduga har jini ya tsaya.

ƘARIN RUWA BA ABINCI BA NE

Akwai masu zuwa kemis su ce a sa musu ruwa don su ji ƙarfi. Akwai masu yawo ƙauye-ƙauye da jaka suna sa wa mutane ruwa a ɗaka. Kanula ƙofa ce da aka buɗe zuwa cikin jini. Abin da ya bi ta, mai kyau ko mugu, ba ya komowa. Hannu mai datti ko tsohuwar allura sun isa su jawo ciwon da ya fi na farko. Wannan aiki na wanda ya koya ne, a wuri mai tsabta.

Mai gudawa da yake iya sha, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun daga gida, a kuma nufi asibiti da shi. Idan ya kasa sha, ko amai ya ƙi tsayawa, ko idanunsa sun faɗa, to kada a tsaya jiran gobe. A irin wannan hali 'yar robar nan ce take ceton rai da yardar Allah. Kada tsoron ƙarfen da babu shi ya sa a rasa mutum. Wanda bai gane wani abu ba ya tambayi nas, domin matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri da lada. Wassalamu alaikum.