Matasanmu Masu Son Komawa Makaranta: Wa Zai Riƙe Musu Hannu?

Jawabi ga dattawa da membobin ikilisiyoyin Gummi, Anka da Bukkuyum

Mun gode da kuka taso duk da halin da hanyoyinmu suke ciki.

Abin da ya tara mu yau shi ne zancen yaranmu da karatu ya katse musu, yanzu kuma suna marmarin komawa. Dukanmu mun san dalili. A 2021, bayan sace 'yan matan Jangebe a watan Fabrairu da ɗaliban Kaya ta Maradun a watan Satumba, gwamnati ta rufe makarantun jihar Zamfara. A 2022, ɗaliban makarantun gwamnatin jihar ba su zauna jarrabawar WAEC ba. A daminar 2024 ambaliya ta rushe gidaje da yawa a garin Gummi. Ga kuma iyalan da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu. Yaron da yake aji uku a wancan lokaci, yau saurayi ne, yana acaba ko haƙar zinariya a Bagega, inda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a yankin tun 2010.

Taimako akwai, kuma muna godiya. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatu kyauta ne daga firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Gwamnatin Dauda Lawal ta biya bashin hukumomin jarrabawa, aka saki sakamakon da aka riƙe. A 2024 asusun NELFUND ya soma ba ɗalibai rance. Amma 'yan'uwa, mu duba inda rami yake.

Na ɗaya, rancen NELFUND na wanda ya riga ya sami gurbi ne a babbar makarantar gwamnati, kamar Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda. Wanda bai gama sakandare ba, bai kai bakin wannan ƙofa ba.

Na biyu, wanda ya bar makaranta ya dawo rubuta WAEC ko NECO daga waje, shi ke biyan kuɗin rajista, da na mota, da na masauki. Kowace ranar karatu kuma rana ce da bai nemo na abinci ba. Yarinyar da ke da goyo, nata nauyin ninki biyu ne.

Na uku, tallafin karatu na jiha yana neman takardar shaidar zama ɗan asalin jiha. Da yawa cikin yaranmu a nan aka haife su, amma iyayensu daga Zuru, Kaduna ko Filato suka zo. A nan a ce musu baƙi, a can a ce ba a san su ba.

Saboda haka muna kawo shawara huɗu. Kowace majalisar ikilisiya ta rubuta sunayen waɗannan matasa kafin ƙarshen kaka. A ware kaso daga baikon godiyar girbi, ko da buhun gero ɗaya ne daga cikin goma, a buɗe asusu a hannun mutum uku amintattu, ɗaya daga zumuntar mata. A biya kuɗin rajista kai tsaye, a karanta lissafi a gaban jama'a. Malaman makaranta da ke cikinmu kuma su ba da yamma biyu a mako domin bita, ƙofa a buɗe ga yaran maƙwabta ma.

Iyaye, mu yi haƙuri da ɗan abin da yaron yake kawowa gida na shekara ɗaya. Matasa, kada kunyar zama aji da ƙannenku ta hana ku. Da rarrafe yaro kan tashi.

Ubangiji ya ba mu zuciyar aikatawa, ya mai da kowa gida lafiya. Amin.