In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Jawabi Bisa Kare Kunnuwa Wurin Aiki Mai Ƙara

(Wannan shi ne jawabin da malamin lakkol ɗinmu ya yi gaban taron ƙungiya na bayan kaka. Mun buga shi duka domin waɗanda ba su samu zuwa ba.)



Maigari, liman, iyayenmu dattawa, uwayenmu mata, shugabannin ƙungiya, da ku ƴan'uwa da kunka zo daga Yamai, daga Arlit, daga Kano da Kwatano, muna gaishe ku, muna yi muku barka da kaka. Mun gode da kunka ba mu izinin magana, alhali mu yara ne cikinku. Mu ba likitoci ba ne, malaman lakkol ne. Abin da munka karanta, da abin da munka gani da idonmu, shi za mu faɗa, ku kuma ku auna.

An gama yankan hatsi, an ɗaure damma. Nan da ƴan kwanaki samari za su ɗauki jaka su tafi biɗa. Kowa za a yi mishi gargaɗi bisa ɓarayi, bisa mota, bisa mugun aboki. Akwai abu guda da ba mu taɓa jin an yi gargaɗi bisa shi ba, shi ne ƙara. Ita ce maganarmu ta yau.

1. Abin da ya sa munka ɗauko maganar

Bara akwai wani yaro cikin aji biyar, mai ƙoƙari ƙwarai, ya fara faɗuwa ga dikte. Mu ce "sata", ya rubuta "fata". Munka ɗauka wasa ne, har munka yi mishi faɗa. Daga baya munka lura kuskuren ya fi yawa washegarin ranar kasuwa. Ashe ranar nan wuni yake yi cikin ɗakin injin niƙa, shina zuba hatsi. Munka tambaye shi, ya ce in ya fito, kunnuwanshi suna kuka har ya yi barci. Munka yi magana da mahaifinshi, anka fidda shi daga ɗakin, Allah ya sa jinshi ya dawo. Amma mahaifin, wanda ya shekara goma sha bisa injin, sai da munka ɗaga murya kafin ya gane abin da ya kawo mu.

Ku duba cikin garin nan. Akwai dattawan da sunka yi aikin ƙarfi a waje, sunka dawo da abin arziki, sunka gina ɗaki, sunka aurad da ɗiya. Yau a gaishe su ba su amsawa, a ce girman kai ne. Cikin masallaci ba su jin liman sai sun bi sahu da ido. Wurin shawara sai su yi shiru, don ba su son a gane. Muna cewa tsufa ne. Wani tsufa ne, gaskiya. Wani kuwa aikin ƙara ne.

2. Inda mutanenmu ke aiki

Kakanninmu ba su san wannan masifa sosai ba. Ban da maƙera da makaɗa, aikinsu na hauya ne da kalme. Zamani ya sake. Izinin siminti na Malbaza ya fara aiki 1966. An fara fidda uraniyom a Arlit 1971, a Akuta kuma 1978, cikin rami ƙarƙashin ƙasa, har anka rufe shi 2021. Tashar wutar gawayi ta Anu Araren ta kama aiki 1981, matatar man Damagaram 2011. Tun 2014 samari sunka ruga wurin zinariya, Jado da Cibarakaten, inda ake fasa dutse da kwamfaresa da nakiya. Waɗansu suna masaƙu da izinoni a Kano, waɗansu suna shantiyen gini da na hanya.

Nan gida ma, daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Gesheme, da wuya ka sami babban gari da babu injin niƙa, ko mai walda, ko injin wuta, ko injin ban ruwa cikin fadama. Ke nan maganar ba ta ƴan biɗa kaɗai ba ce, ta kowa ce.

3. Yadda ƙara ke cin kunne

Can cikin kunne, bayan fatar nan da ke kaɗawa kamar ta ganga, akwai wani ɗan ƙashi mai siffar dodon koɗi. Cikinshi akwai ƴan ƙananan gasu, wajen 15,000 ga kowane kunne. Su ke karɓar sauti su miƙa shi ga ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantad da su, kamar yadda iska ke kwantad da hatsi. In iska ta wuce, hatsi ya tashi. In ta dawo kullum, kara ya karye. To, gashin nan in ya mutu ba ya sake tsirowa. Babu allura, babu saiwa, babu aikin likita da ke maida shi.

Abin da ya sa ba a ganewa da wuri, babu ciwo, babu jini. Sautin da ya fi siriri shi ke fara ɓata, irin su "s", "sh", "f" da "ts". Mutum shina jin murya amma ba ya rarrabe kalmomi, balle cikin kasuwa ko taron biki. In kun ji mai aiki ya ce "ni na saba da ƙarar, ba ta damuna", ku ji tsoro. Kunne ba ya sabawa. Jin ne ya fara tafiya.

Ana auna ƙara da abin da ake ce ma desibel. Hirar mutum biyu wajen 60 ce. Masana sun sa iyaka ga 85: ita ce mutum zai iya wuni ciki awa 8. Duk sa'ad da anka ƙara 3, sai a raba lokacin biyu. Ga lissafin, kamar na allo:

85, awa 8.
88, awa 4.
91, awa 2.
94, awa 1.
97, minti 30.
100, minti 15.

Injin niƙa cikin ƙaramin ɗaki sau da yawa ya wuce 90. Injin yankan ƙarfe na mai walda shina kai wajen 100, hamar kwamfaresa ta wuce nan. Ku dubi lissafin, ku tuna awa nawa ɗiyanmu ke yi bisa waɗannan.

Ba mu da abin awo, amma akwai awon talaka. Ka tsaya nesa da abokinka tsawon hannu guda. In sai ka yi ihu kafin ya ji ka, wurin nan ya kai iyaka ko ya wuce. In kuma ka tashi aiki kunnenka na kuka, ko kana ji kamar an cusa maka tsumma, an riga an taɓa ka.

4. Abin da za a zaɓa

Iri uku ne anka fi samu a farmasi da kantunan kayan aiki na birni.

Na farko, matoshin soso, wanda ake ce ma bushon. Shi ya fi araha, sau da yawa bai kai kuɗin tiyar hatsi ba, kuma in an sa shi daidai shina tare ƙara ƙwarai. Ya dace da wanda zai wuni cikin ƙara ba fita, kuma ba ya sa zufa ko cikin zafin bazara. Sa shi sai da koyo. Ka murza shi da yatsu masu tsabta har ya yi siriri. Ka ɗora ɗayan hannun bisa kai, ka ja kunnen sama da baya. Ka tura shi ciki, ka riƙe da yatsa kamar ƙidayar talatin, har ya kumbura. Aibinshi, ba a wanke shi. In ya yi dauɗa ko ya daina kumbura, a yar.

Na biyu, matoshin roba mai igiya. Ba a murza shi, tura shi ake yi ta wutsiya, don haka ya dace da mai niƙa da makanike, waɗanda hannunsu kullum cikin gari ko baƙin mai yake. Ana wanke shi da ruwa da sabulu, ya daɗe. Igiyar tana hana shi ɓata.

Na uku, kaskin kunne, mai kwano biyu da ke rufe kunnuwa duka. Ya fi tsada, ya fi zafi, amma sa shi da cire shi ba wuya. Ya dace da mai walda da kafinta, waɗanda ƙararsu ke zuwa tana tafiya. Sharaɗinshi, katifar ta manne da fata ko'ina. Hula, rawani, ko ƙafar tabarau in sun shiga tsakani, ƙara ta sami ƙofa. In katifar ta bushe ta tsage, a sake ta.

Mai hamar kwamfaresa, da mai aiki kusa da injin fasa dutse, shi haɗa biyu zai yi, bushon ciki, kaski bisa. Haɗin ba ya ninka kariya, wajen desibel 5 yake ƙarawa, amma a wurin nan biyar ba kaɗan ba ce.

Ku duba takardar kafin ku biya. In kayan Turai ne za ku ga SNR da lamba, in na Amurka ne za ku ga NRR. Lambar ita ce desibel ɗin da abin ke ragewa wurin gwaji. Wurin aiki, cikin zufa da gaggawa, kada ku dogara da fiye da rabinta. Abin da ake nema, ƙarar da ke isa kunne ta sauka ƙasa da 80. Kada kuma a toshe har ba a jin komi: wanda ba ya jin ƙahon kamyo ko kiran abokin aiki, ya kauce ma wani haɗari ya faɗa wani. Wanda babu lamba bisa takardarshi, a bar ma mai kanti kayanshi.

Ga abin da ya fi duka nauyi. Ko matoshin ya kai mai rage 30, in ka cire shi awa guda cikin awa 8 injin na kuka, abin da ya rage maka na kariyar ranar bai wuce 9 ba. Don haka wanda ya fi kyau shi ne wanda za ka iya haƙuri da shi daga tada inji har kashe shi. In wani ya matse ka, ka gwada wani, kada ka bari duka.

Abubuwa uku mu kiyaye. Auduga, tsumma da takarda ba su tare abin kirki, sai dai su ruɗi mutum. Abin sauraren waƙa na salula ba kariya ba ne, ƙara ce bisa ƙara. Wanda kunnenshi ke ruwa ko ciwo, kada ya tura komi ciki, ya sa kaski ya tafi likita.

5. Gyaran inji da haƙƙin ma'aikaci

Toshe kunne shi ne na ƙarshe, na farko rage ƙarar tun daga gindinta. Masu injin niƙa, ku ɗaure kusoshi, ku sa mai, ku gyara salansa, ku fidda bututun waje. Ku yi rumfa nesa da ƙofa inda mata za su jira. Uwayenmu, don Allah kada a shiga ɗakin inji da goyo, kada kuma a bar yara su wuni ciki. Injin wuta a aje shi bayan katanga.

Masu aiki a kamfani, ku sani wannan haƙƙi ne, ba roƙo ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya mai lamba 148 cikin 1977 bisa gurɓatar iska, ƙara da girgiza wurin aiki, Nijar ta amince da ita 1993. Dokar aiki ta ƙasarmu ta 25 ga Satumba 2012 ta ɗora ma mai ba da aiki nauyin kiyaye lafiyar ma'aikatanshi. Ku tambayi matoshi cikin ladabi kamar yadda kuke tambayar takalmi da hular kwano. Ku tabbata an rubuta ku ga CNSS. In an auna jinku ranar ɗauka, ku nemi takardar ku adana, domin ita ce shaida gobe. Wanda ya ga jinshi na raguwa, akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a babban asibitin Yamai, inda ake awon.

6. Abin da muke roƙon taro

Na ɗaya, a fidda wani abu daga asusun ƙungiya, ƴan'uwanmu na Yamai su sayo kwalin matoshi, a ba masu niƙa da masu walda na garin nan, a kuma sa ma duk mai tafiya biɗa biyu cikin jaka.

Na biyu, a ba mu yamma guda kafin tafiya, mu taru a filin lakkol mu koyi sa shi, kowa ya gwada da kunnenshi.

Na uku, ranar 3 ga Maris ta kowace shekara, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta keɓe domin ji, mu za mu yi ma ɗalibai darasi bisa wannan, muna gayyatar iyaye.

Na huɗu, wannan ga samari ne. Wanda ya sa matoshi kada a yi mishi dariya, kada a ce raggo ne. Dattawan da jinsu ya yi nauyi kuma, a fuskance su in za a yi musu magana, a yi ta sannu, a zaunad da su gaba wurin taro. Da kunnuwansu anka sayi rufin kwanon da muke kwana ƙarƙashi.

Iyayenmu, ku kunka koya muna cewa kunne ya girmi kaka. Labarin Arewa, na Lugu da Bagaji da Matankari, da kunne ya iso gare mu, ba da takarda ba. Muna son waɗanda za su tafi bana su dawo da kuɗi cikin aljihu, su kuma dawo suna jin kiran salla da muryar ɗiyansu.

In mun yi kuskure, ku gafarce mu. Allah ya kai matafiya lafiya, ya maido su lafiya, ya maimaita muna damana mai albarka. Amin.