Katin Asibiti Ya Koma Cikin Kwamfuta: Yadda Ake Koyar da 'Ya'yanmu



Kowa a nan ya san wahalar kati a asibiti. Ka yi sammako, ka bi layi, rana ta take, sai a ce maka fayil ya ɓata. To, yanzu asibitoci da dama sun koma ajiye bayanin majinyaci a kwamfuta: ciwonsa, sakamakon gwaji, maganin da aka ba shi, da wanda jikinsa ba ya karɓa. Akwai manhaja mai suna OpenMRS da aka ƙirƙiro a 2004, aka fara aiki da ita a Kenya, kuma a nan Nijeriya ana amfani da ita wajen kula da masu cutar ƙanjamau.

Ɗalibin nas ko na likita da bai taɓa irin wannan ba, ranar da ya kama aiki sai ya zama ɗan kallo. Shi ya sa ake koya masa tun yana makaranta, amma da majinyatan ƙarya, waɗanda malami ya ƙirƙira. Ya rubuta awon jini, ya shigar da magani. In ya zarce ƙima, na'ura ta yi masa gargaɗi. Ya yi kuskure, babu wanda ya cutu.

Abin da ya fi damuna shi ne suna. Jama'a, Muhammadu Sani nawa ne a unguwar nan? Ga shi dattawanmu da yawa ba su riƙe ranar haihuwa ba. Ni kaina ina ɗalibi na taɓa buɗe fayil ɗin wani a madadin takwaransa, sai da malamarmu ta ce, "Kai, duba lambar!" Don haka in ɗalibi ya tambaye ku suna da lambar kati har sau biyu, don Allah kada ku ce raini ne, haka aka koya masa.

Sai batun sirri. Kowane ma'aikaci da lambar shigarsa, kuma na'ura tana rubuta wanda ya buɗe fayil da lokacin da ya buɗe. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana fallasa bayanin majinyaci, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. A zango kuwa kowa ya san kowa. Iyaye, kada ku ce wa 'yarku, "Leƙa mana ki ga me ke damun matar wane." Leƙen nan kaɗai na iya raba ta da makaranta.

Roƙona ga ƙungiya shi ne a samar da kwamfuta ko da biyu ce a ofishinmu, yara su saba da buga rubutu kafin su tafi.