Karatun Ilimin Yanayi a Jami'a: Jawabi a Taron Ƙungiya na Shekara-shekara



Ina godiya da aka ba ni damar cewa wani abu a kan ilimin yaranmu. A kowace shekara takardun neman tallafin karatu da ke zuwa gaban ƙungiyoyi irin tamu galibinsu na masu son likitanci ne, ko lauya, ko aikin banki. Waɗannan fannoni ne masu daraja, babu mai musu. To amma garinmu garin manoma ne da makiyaya, arzikinsa kuwa ya rataya ne a kan ruwan sama. Saboda haka nake son in jawo hankalinku ga wani fanni da muka yi wa riƙon sakainar kashi, wato ilimin yanayi, wanda ake kira kilaimatoloji a jami'a.

Da farko ya kamata mu bambance abu biyu. Mai hasashen yanayi yana gaya mana abin da zai faru gobe ko jibi, ko hadari zai haɗu ko hazo zai sauka. Shi kuwa masanin yanayi yana duba halin da wuri ya saba da shi a tsawon zamani: yaushe damina kan faɗi, kwana nawa takan yi, ruwa nawa ake samu, kuma ko wannan hali yana sauyawa. Ƙa'idar Hukumar Yanayi ta Duniya ita ce a tara lissafin shekara 30 kafin a ce ga yanayin wuri kaza.

Iyayenmu ba su jahilci wannan fage ba. Sun san lissafin taurarin damina, sun san zuwan shamuwa alama ce ta kusantowar ruwa, sun san lokacin da ake yin binne. Abin da jami'a ta ƙara shi ne awo da bayanin dalili. Ɗalibi zai koyi cewa iska biyu ke mulkin ƙasarmu: busasshiyar iskar arewa maso gabas da ke fitowa daga Sahara, mai kawo mana hunturu, da kuma iska mai laima da ke tasowa daga Tekun Atilantika ta kudu maso yamma. Mahaɗarsu tana matsowa arewa tun daga bazara, ta kai iyakarta a watan Agusta, sannan ta juya. Idan iskar teku ta makara ko ta zo da rauni, shuka ta ƙone, a sake neman iri.

Tarihinmu ya shaida abin da ke biyo baya idan haka ta faru. An yi yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914. Dattawan da ke wannan zaure sun ga farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, lokacin da garken shanu suka ƙare, rumbuna suka zama wayam. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya janye har ya rasa mafi yawan ruwansa. Da fari masana da dama sun ɗora laifin a kan manoma da makiyayan Sahel, wai sare itatuwa da yawan kiwo ne suka kori ruwa. Sai a 1986 wasu masana a Ingila suka nuna cewa sauyin ɗumin ruwan tekuna yana da babban hannu a cikin farin. Ku duba fa, a wata ƙasa aka tuhume mu, a wata ƙasa kuma aka sassauta mana. Ashe bai kamata a ce akwai namu a wurin da ake irin wannan muhawara ba?

Matsalar ba ta tsaya ga fari kaɗai ba. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun cinye gonaki da gidaje a jihohi masu yawa, a watan Satumba na 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Masanin yanayi ne ke ba injiniya lissafin ruwa mafi yawa da za a iya samu, kafin a yanke girman kwalbati ko madatsa.

To, ta ina yaro zai bi? Hanya ta farko ita ce sashen labarin ƙasa, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko na Jami'ar Bayero da ke Kano, inda ake koyar da ilimin yanayi a cikin darussan digirin farko, sannan mai sha'awa ya ƙware a digiri na biyu da na uku. Hanya ta biyu ita ce sashen da ya keɓanta da kimiyyar yanayi, kamar na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure. A maƙwabta kuma akwai cibiyar AGRHYMET a Yamai, wadda aka kafa a 1974 sakamakon wancan fari, tana horar da ma'aikata a kan yanayi da ruwa da noma. Aiki kuwa akwai shi a Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, NiMet, wadda ke fitar da hasashen damina kowace shekara, da filayen jiragen sama, da hukumomin ruwa da na agajin gaggawa, da cibiyoyin binciken noma irin na Samaru, da koyarwa.

Sai dai in gaya wa iyaye gaskiya: wannan karatu ba mafakar mai gudun lissafi ba ne. Yana buƙatar lissafi, da fiziks, da ƙididdiga, da iya sarrafa kwamfuta, domin yawancin aikin yau nazarin alƙaluma ne da hotunan tauraron ɗan'adam. Kuma ba hanyar yin kuɗi da wuri ba ce. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya rasa malamin fiziks a sakandare an rufe masa wannan ƙofa tun kafin ya zauna jarrabawar JAMB.

Don haka ina roƙon ƙungiya abu uku. Na ɗaya, a ware gurbi ko da guda ne a cikin tallafin karatu domin wannan fanni, ga namiji ko mace. Na biyu, ku da ke birane ku taimaka a samar wa sakandarenmu malaman lissafi da fiziks masu zama. Na uku, a sayi ma'aunin ruwan sama a kafa a makarantar, a ɗora wa ɗalibai karanta shi kowace safiya suna rubutawa a littafi. Za su gane cewa milimita 1 na ruwa daidai yake da lita 1 a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a kan hekta guda. Kuɗinsa kaɗan ne, amma idan aka dage, bayan shekara 30 garinmu zai mallaki tarihin daminarsa a rubuce, wanda jikokinmu za su dogara da shi wajen zaɓen iri da lokacin shuka.

Ina fatan kwamitin ilimi zai duba waɗannan shawarwari kafin taro mai zuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.