Kuɗin Ƙaramar Hukuma: Ina Suke Bi Kafin Su Iso Unguwarmu?

Yau daga gida nake magana, Achilafiya, a ƙaramar hukumar 'Yankwashi, ƙasar Kazaure. Maganar kuma ta kuɗi ce, kuɗin ƙaramar hukuma. Kada wanda ya ce wannan hirar manya ce ya wuce, don wallahi ta fi shafarmu a kan su.

Bari in fara da abin da ya ja ni cikin zancen. Da bazarar nan fanfon tuƙa-tuƙa na unguwarmu ya lalace. Ƙanwata sai ta yi sammako ta je ɗiban ruwa can wata unguwa, ta bi layi, kafin ta dawo ta shirya an riga an shiga aji. Abin ya ci mini rai. Na ɗauki waya na hau Facebook na rubuta: ina kuɗin ƙaramar hukuma suke tafiya? Aka yi ta danna mini alamar so, ni kuma ina jin na yi jihadi.

Da daddare kawuna ya aiko a kira ni. Shi tsohon ma'aikacin baitulmali ne, ya yi shekaru a sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma har ya yi ritaya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ɗan nan, an karanta mini abin da ka rubuta. Tambayarka ta yi kyau. To kuɗin da kake nema, nawa ne?" Na yi shiru. Ya ce, "Kun rubuta wa wani cewa fanfon ya lalace?" Na ce a'a, Kawu. Ya ce, "Wane ne kansilanku?" Sunan dai na sani, amma ban taɓa yi masa magana ba. Kawu ya yi dariya ya ce, "Ka yi kuka a kasuwa, ba ka faɗa wa mai gida ba."

Sai ya sa aka kawo masa gyaɗa, ya ƙirga ƙwaya ɗari a kan tabarma. Ya ce wannan ita ce naira ɗari da ta shiga asusun tarayya. Ya ture kusan 53 gefe, ya ce ta gwamnatin tarayya ce. Ya ture kusan 27, ta jihohi 36. Saura ashirin da 'yar ɗoriya. Ga ainihin lissafin ga masu son rubutawa: tarayya kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Wannan ashirin ɗin ita ake raba wa ƙananan hukumomi 774 na Najeriya, 27 daga ciki namu ne na Jigawa. Akwai kuma harajin kayayyaki na VAT, wanda ƙananan hukumomi ke samun kashi 35 a cikinsa. Wajen rabon ana duba daidaito, ana duba yawan jama'a da faɗin ƙasa da wasu ma'aunai, shi ya sa abin da Babura za ta samu ba zai zo ɗaya da na Gwiwa ko Roni ba.

Na ce to Kawu, ai ko hakan ma kuɗi ne masu yawa. Ya ce ƙwarai, amma tsaya ka ga masu jira a bakin ƙofa. Na farko albashin malaman firamare, da kuɗin ƙaramar hukuma ake biyansa. Na biyu ma'aikatan ƙananan asibitoci. Na uku ma'aikatan sakatariya. Sai fansho, sai kason masarauta, sai alawus na ciyaman da kansiloli da masu ba da shawara, sai mai da gyaran motoci, sai hidimar tsaro. Yana faɗa yana janye gyaɗar ɗaya bayan ɗaya, har ya rage 'yan ƙwayoyi da za ka rufe da tafin hannu. Ya ce, "Ga fanfonka nan a ciki. Ga kwalbati, ga rufin aji, ga maganin asibiti, duk a nan."

Kun ga inda matsin yake ke nan. Kuma abubuwa biyu sun ƙara masa nauyi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin da ake rabawa duk wata sun ƙaru a lissafin naira, wannan gaskiya ne. Amma siminti da rodi da dizal da famfon sola su ma ba su tsaya jiran kowa ba. Sannan a Yulin 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70. Ma'aikata sun cancanta, babu musu, yayyenmu ne da iyayenmu. Sai dai duk ƙarin da aka yi wa malamin firamare, daga tukunyar nan ɗaya zai fito.

Yanzu mene ne ma aikin ƙaramar hukuma? Kundin tsarin mulki na 1999 ya jera shi a jadawali na huɗu: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan ta sa hannu a ilimin firamare da lafiya da noma. Ku duba da kyau, babu abu ɗaya a nan da talaka zai kwana bai taɓa shi ba. Shugaban ƙasa sai a talabijin, gwamna sai in ya zo buɗe aiki, amma magudanar da ta toshe a ƙofar gidanku take.

Akwai kuma tarihin da Kawu ya ba ni wanda ban taɓa haɗa shi da wannan zance ba. A zamanin En'e, da kuɗin mutanen ƙasa ake gudanar da mulkin ƙasa: haraji a kan magidanta, jangali a kan shanu, a tara a kai baitulmali. An sha wuya fa, an daure mutane, wasu sun bar garuruwansu saboda haraji. Shi ya sa da Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kano a 1979, lokacin muna cikinta tunda sai 1991 aka yi Jigawa, talakawa suka yi murna, kuma suna da hujja. Kafin nan, a 1976, an yi garambawul ɗin da ya mai da ƙaramar hukuma mataki na uku na gwamnati mai kaso daga tarayya. Amma Kawu ya ce wani abu ya ɓace a hanya. Da kuɗin daga aljihunka suke fita, kana jin zafinsu. Yanzu daga Abuja suke zuwa, sai muka ɗauke su kamar ruwan sama, in ya zo alhamdulillahi, in bai zo ba sai haƙuri. Shi ma mai riƙe da kujera, idonsa na kan inda kuɗi ke fitowa. Abin da ake tarawa a gida, kuɗin rumfar kasuwa da na tasha da na kara, bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da albashin wata guda.

Sai batun da kuka sha ji a rediyo, asusun haɗin gwiwa. Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya ce kuɗin ƙananan hukumomi su bi ta wani asusu na jiha. Shekara da shekaru ana kukan cewa a jihohi da dama kuɗin suna shiga da ƙiba su fito da rama. A 2019 hukumar NFIU ta fitar da ƙa'idar hana cire tsabar kuɗi fiye da naira dubu 500 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka ƙalubalance ta. Daga baya ministan shari'a Lateef Fagbemi ya kai jihohi 36 Kotun Ƙoli. Ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ta yanke hukunci, Mai shari'a Emmanuel Agim ya karanta: a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kantomomin riƙo da gwamna ya naɗa ba su da hurumin karɓar kuɗin, sai zaɓaɓɓu. Aka yi ta murna. Bayan nan kuma watanni suka yi ta shuɗewa ana kai-kawo a kan buɗe asusu a Babban Banki.

Ni dai ina goyon bayan hukuncin. Amma ina da tsoro guda biyu, kuma gara in faɗa. Na farko, hukumar zaɓen jiha ce ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi. A Oktoban 2024 APC ta lashe kujerun ciyaman 27 duka a Jigawa, a watan kuma NNPP ta lashe 44 duka a Kano. Ba zancen jam'iyya nake ba, kun ga ai jam'iyyu biyu ne, sakamako iri ɗaya. Wanda ya san wa ya ɗora shi, ya san wa zai yi wa biyayya. Na biyu, in kuɗi suka iso kai tsaye alhali ba mai sa ido, ba a kashe ɓera ba, rami kawai ya sauya. Kuma dattawan malamai suna tuna zamanin da albashinsu ke hannun ƙananan hukumomi ana bin bashin watanni, shi ya sa ƙungiyarsu take ɗari-ɗari da lamarin. Tsoronsu ba na banza ba ne.

To a ce 'yan ƙwayoyin gyaɗar nan da suka rage suna hannunka, me za ka fara yi? Nan ne ake gane shugaba. Buƙatun ma ba iri ɗaya ba ne. Cikin garin Kazaure maganar magudanai ce da shara da tsarin kasuwa. Ƙauyukan Roni da Gwiwa da namu, ruwan sha ne da hanyar da za a fitar da amfanin gona ko a kai mai naƙuda asibiti da damina. Babura tana bakin iyaka da Nijar, duk ranar da aka rufe boda, kamar 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, kasuwa ce ke fara ji a jikinta.

Matsalar ita ce gyara ba shi da biki. Wanda ya gyara fanfo ashirin ba a yanka masa kyalle, ba a kiran maroƙa. Wanda ya gina sabuwar ƙofar gari ko ya raba babura goma, hotonsa zai zagaye waya. Kuma mu faɗi gaskiya, mu matasa muna cikin masu ɓata lissafin. Da safe ƙofar gidan kansila cike take: wannan suna, wannan biki, wannan kuɗin mai. Duk wanda aka sallama da dubu biyu ya tafi yana yabo. Ba wanda ya zo da takarda a kan rufin aji. Mai kujera kuma abin da aka fi tambayarsa shi yake tanada.

Mu dai ga yadda muka ƙare da fanfonmu. Muka yi karo-karo, aka kira mai gyara, ashe roba ce ta cinye da sanda guda, kwana biyu ruwa ya dawo. Muka kafa kwamitin mutum biyar, har da mata biyu tunda su suka fi sanin ranar da ruwa ya fara ja baya, ana ajiye ɗan abin gyara duk wata. Sannan muka rubuta takarda, muka jera buƙatun unguwa uku bisa tsari, ba goma ba, muka sa hannu, mai unguwa ya sa, muka kai wa kansila muka riƙe kwafi. Ba mu je da zagi ba, ba mu kuma je da roƙo ba.

Ga aikin gida, kowa da mazaɓarsa. Ka nemo nawa aka tura wa ƙaramar hukumarku a watan jiya, ofishin Akanta Janar na tarayya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suna wallafa rabon a intanet. Ki nemo sunan kansilarku da inda ake samunsa. Ku tambaya cikin ladabi a nuna muku kasafin kuɗin bana, ku ga me aka rubuta wa mazaɓarku. In an nuna, ku yaba a fili. In an hana, ku rubuta ranar da kuka tambaya, ku sake komawa.

Rubutun nan nawa na Facebook ban goge shi ba, tambayar tana nan daram. Sai dai yanzu na san wanda zan yi wa ita, da takarda a hannu. Kawu kuma ya ce in gaya muku gyaɗar ba ta yi asara ba, a wurin muka cinye ta.

Wanda ya samo lissafin ƙaramar hukumarsu ya turo mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma ya ba mu ikon tambaya.