Ɓawon Ƙwarar Manja Kayan Gini Ne



Ba sai na koya wa mutanen Jama'a da Sanga yadda ake manja ba. Maganata a kan abin da ke saura ce, bayan mata sun dafa kwakwa a ganga, sun kirɓa, sun kwashe mai, sun fasa ƙwara. Baƙin ɓawon nan mai tauri yana jibge tuli-tuli a bayan gida. Maƙeri ya ɗebi kaɗan ya hura wuta, sauran ruwan damina ya tafi da shi. Maigidan kuwa yana can yana cin bashin kuɗin tipar tsakuwa.

Ga hujjar da na daɗe ina nanatawa a ma'aikatu. Kankaren da muka saba, duk mita guda tsawo da faɗi da zurfi, nauyinsa kilo 2,400 ne. Idan ɓawon ƙwara ya maye gurbin tsakuwa, nauyin kan sauko zuwa kilo 1,800 ko 1,900. An rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Injiniyoyin Malesiya sun shafe shekaru suna gwada wannan, jami'o'inmu ma sun gwada. Ku dubi abin da ragin ke haifarwa: harsashin gini ya samu sauƙin kaya, lebura ya ɗaga bulo ba tare da ya karya ƙugu ba, mota ta ɗauki bulo mai yawa a sawu ɗaya, zafin rana kuma ba ya ratsa bango da sauri. Tokar ɓawon ma, in an niƙe ta lukui, tana maye wani kaso na siminti.

Abokan aikina sukan ce ɓawo yana shan ruwa. Gaskiya ne. A wanke maiƙonsa, a jiƙa shi kwana guda kafin a kwaɓa, magana ta ƙare. Wasu su ce kwakwarmu ba ta kai ta Edo yawa ba. Ban ce a gina gada ko bene ba. Aji nake nufi, da shagon kasuwa, da daɓen ɗaki. Gini da abin da ke kusa da mu ba sabon abu ba ne: kakanninmu da azarar giginya suka yi rufin soraye, har yau wasu na tsaye.

Buƙatuna uku ne. Jami'ar Jihar Kaduna, reshenta na nan Kafanchan, ta gina aji guda da wannan kankare, birkiloli su zo su taɓa da hannunsu. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1978, ta fitar da ma'aunin kwaɓi da kowane magini zai iya bi da kwanon awo. Ƙananan hukumomi kuma su sayi ɓawon buhu-buhu kai tsaye daga hannun matan da suka fasa shi.

Shugabannin ƙananan hukumomi, ku sa wannan cikin kasafin baɗi.